Shin man bitamin C yana rage tamojin fuska?

Tambaya: Likita, shekaruna 52, ina zaune a Jidda. Na sayi wata 'yar kwalbar ruwan bitamin C na shafawa saboda tamojin da ya fara fito mini a gefen ido da goshi. Wata guda ke nan ban ga canji ba, ruwan ma ya koma kalar baƙin shayi. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Hajiya, waccan kwalbar dai ki jefar da ita. Bitamin C ba ya shiri da zafi da haske da iska. Sabonsa fari ne ko ruwan ɗorawa kaɗan, da zarar ya yi duhu kamar shayi to ya lalace, shafa shi ɓata lokaci ne. A zafin Jidda kuwa, in kin bar shi cikin mota ko bakin taga, ba ya daɗewa. Ki nemi mai kwalba mai duhu, ki toshe bakinta sosai, ki sa a firji.

Yana aiki? E, amma daidai gwargwado. Abin da ke riƙe fata ta tsaya sumul shi ne kolajin, kuma jiki ba ya iya haɗa shi sai da bitamin C. Kolajin yana raguwa da shekaru, musamman bayan ɗaukewar al'ada, rana kuma tana ƙara cinye shi. Man yana taimakawa a kan ƙananan layuka da tabon rana. Tamoji mai zurfi, irin wanda ya zauna tsakanin hanci da baki, ba zai goge shi ba, kome mai talla zai faɗa miki.

Ki duba jikin kwalba. In an rubuta L-ascorbic acid, wato ainihin bitamin C ɗin, ya kasance kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Abin da ya haura 20 ba ya ƙara shiga fata, sai dai ƙarin raɗaɗi. Ɗigo uku ko huɗu da safe bayan kin wanke fuska ta bushe, sannan ki ɗora man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Wannan na biyun ma ya fi na farkon muhimmanci a wurina. Kuma wata guda ya yi kaɗan, sai kin yi kamar wata uku a jere kafin ki yanke hukunci.

Na san wasu 'yan'uwanmu kan matsa lemun tsami a fuska wai ai shi ma bitamin C ne. Don Allah a daina. In ruwansa ya haɗu da rana yana ƙona fata, ya bar baƙin tabo da kan ɗauki watanni.

In bayan wata ukun ba ki gamsu ba, ki ga likitan fata ki tambaye shi batun tretinoin, wanda ya fi ƙarfi a kan tamoji. Da dare ake shafa shi, kuma mai juna biyu ba ta amfani da shi.