TES ɗin Game Dev Tycoon: akwai shi a kasuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka samu TES, na'urar gem ɗin da ke cikin wasan Game Dev Tycoon (wasan da kake gudanar da kamfanin ƙera gem), a Beirut Road ko kasuwar Sabon Gari. Kada ka wahalar da ƙafarka, babu shi a zahiri. Greenheart Games, masu wasan da ya fito a 2012, su suka ƙirƙiro TES tare da Ninvento, kamfanin da ke ƙera shi a cikin wasan, suna kwaikwayon NES na Nintendo wanda ya shiga Amurka a 1985. Irinsa ne gem ɗin da yaran Kano suka taso da shi, mai kaset ɗin da ake dannawa ciki, in hoto ya rikice a zare a hura masa iska a mayar.

Batun ko ya cancanci kuɗin lasisin da ake biya a cikin wasan kafin a yi masa gem kuwa, ni dai ina ganin ya cancanta, amma ba da gaggawa ba. Ka fara tara kuɗi a PC ko G64 (wata kwamfuta ce a cikin wasan) tukuna, domin lasisin na iya kwashe jarinka kana gareji, wato matakin farko na wasan. In ka shiga, yi wasan faɗa da tsalle-tsalle don yara, shi ke karɓuwa a can. Wasan dabaru mai dogon lissafi ka bar wa kwamfuta, maɓallan TES ba su da yawa.