Amsar tambayar Malam kan takarda marar kauri mai ɗaukar tawada

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Malam, na saurari saƙonka, inda ka ce kana neman takarda marar kauri wadda alƙalamin tawada, irin wanda ake ɗura wa tawada a ciki, zai hau ba tare da rubutu ya yi naso ba, kuma wadda kuɗinta bai fi ƙarfin aljihu ba, domin kana so a ɗinka maka littafi mai shafuka da yawa wanda ba zai yi nauyin ɗauka ba.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, ba kauri ne ke hana tawada ɓullowa ta bayan takarda ba. Lambar da ake bugawa a jikin ƙunshi, 70 ko 80, nauyi kawai take nunawa, wato giram nawa murabba'in mita ɗaya na takardar yake. Abin da ke riƙe tawada wani sinadari ne da ake sa wa takarda tun a masana'anta, wani a cikin kwaɓinta, wani kuma a shafa a fuskarta, galibi da sitaci, domin ya hana zaruruwanta zuƙar ruwa. Idan ya wadata, tawada za ta zauna a sama har ta bushe, layi ya fito tas. Idan kuwa ya yi ƙaranci, sai takardar ta shanye ta kamar yadda yashi ke shanye ruwa, gefen harafi ya yi gashi-gashi, ɗigo ya fito a ɗaya shafin, ko da takardar mai kauri ce.

Babbar shaida a kan haka ita ce takardar Tomoe River ta ƙasar Japan, mai giram 52, wadda duk da rashin kaurinta tawada ba ta cika huda ta ba. Ganye ɗaya nata mai girman A4 bai wuce giram 3 da ɗoriya ba, alhali na takardar hoto-kwafi mai lamba 80 nauyinsa giram 5 ne cif. Kamfanin Tomoegawa ne ya ƙirƙiro ta, a shekarar 2021 kuma ya miƙa aikin yin ta ga kamfanin Sanzen. Sai dai ba zan ba ka shawarar ka dogara da ita ba, domin idan ka haɗa farashinta da kuɗin jigila da canjin dala, za ta yi maka tsada, ga shi kuma tawada tana daɗewa a kanta kafin ta bushe. Idan kana da mai zuwa daga waje, takardun Kokuyo Campus sun fi ta sauƙin kuɗi kuma suna ɗaukar tawada sosai, amma sun fi ta kauri.

A nan gida, ni a ganina, wurin da ya fi dacewa ka nufa shi ne shagunan da ke sayar wa masu ɗab'i takarda da manyan ganyaye. Ka tambayi wadda suke kira banki, irin siririyar nan da ake buga littafin rasit da ita, domin sau da yawa ana samun mai santsi da ƙarfi a cikinta, kuma za su yanka maka ita daidai girman da kake so. Ka guji takardar jarida baki ɗaya, haka kuma takardar rasit mai kwafin kanta ba tare da kabon ba, saboda an shafe ta da wani sinadari dabam wanda ba don alƙalami aka yi shi ba. Idan kuma ka ci sa'a a tsohon kantin kayan rubutu ka tarar da ragowar takardar wasiƙar jirgin sama, ko siririyar nan mai ƙaras-ƙaras da ake sawa a keken rubutu don fitar da kwafi, to kada ka wuce ta ba ka gwada ba.

Gwajin nan shi ne ginshiƙin maganar, domin ko kamfani ɗaya ne, kayan bana kan bambanta da na bara. Ka je da alƙalaminka cike da tawadar da kake aiki da ita, ka sayi ganye ɗaya tak. Ka rubuta jimla yadda ka saba, ka ja layi a hankali, ka gitta wani a kansa, sannan ka ɗora bakin alƙalamin a wuri ɗaya na ɗan lokaci. Sai ka juya takardar. Idan inuwar rubutun kawai ka hango, wannan ba aibi ba ne, duk takarda marar kauri haka take. Idan kuwa ka ga tabon tawada ya ratso, musamman a mahaɗar layukan nan biyu, to ka bar ta.

Alƙalamin da tawadar su ma suna da nasu kason. Bakin alƙalami mai alamar F ko EF, wato siriri ko siriri ƙwarai, yana zubar da tawada kaɗan, kuma na Japan irin su Pilot da Platinum sun fi na Jamus siranta a alama iri ɗaya. Tawada marar yawan gudu, kamar Pelikan 4001, takan gyara halin takardar da aka yi zaton ba ta da kirki. Ina roƙonka kada ka ɗura tawadar allo a cikin alƙalamin, domin ƙaro da gawayin da ke cikinta za su toshe hanyar tawadar. Ka kuma riƙa sa wani ganye a ƙarƙashin hannunka lokacin rubutu, saboda gumi da maiƙon hannu suna ɓata fuskar takarda, sannan da damina ka adana ta a cikin leda don kada ta sha danshi.

Kafin ka biya kuɗin ƙunshi, ka tabbatar idonka zai jure wa rubutu gaba da baya a kan wadda ka zaɓa. Idan fuska ɗaya kawai za ka iya amfani da ita, ganye biyu masu giram 52 sun fi ganye ɗaya mai 80 nauyi, kuma a irin wannan hali gara ka sayi takardar Double A ta ƙasar Tailan, wadda ake samu a shagunan hoto-kwafi, ita ma bayan ka gwada ta. Wassalamu alaikum.