Alhaji Umaru Karaci: 1274 ko 1275?

Malam, ka tambaya wace shekara za ku rubuta a allon makarantarku ta Asawase a Kumasi, tunda kun ga 1274 da 1275 na Hijira a matsayin shekarar haihuwar Alhaji Umaru Karaci.

An haife shi a Kano a 1858, ya rasu a Kete-Krachi (wato Karaci, a Ghana ta yau) a 1934. Ya zauna a Salaga, sai yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, daga baya ya koma Karaci, lokacin tana hannun Jamusawa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da ajami.

Ruɗanin daga lissafi yake. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka 1858 ta ratsa shekaru biyu: 1274 ta ƙare a watan Agusta, 1275 ta shigo. Don samun shekarar Miladiyya, ka ninka shekarar Hijira da 0.97, ka ƙara 622, amma sakamakon kan kauce da shekara ɗaya. Haka 1934 ta haɗa 1352 da 1353.

Ku rubuta 1858–1934 kawai, ya fi aminci. Rubuce-rubucensa kuwa, a nema a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana, Legon.