Tambaya da Amsa: Zan Iya Tafiya da Karena a Mota Daga Jos Zuwa Yola?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina zaune a Unguwar Rogo nan Jos, an yi min taransfa zuwa Yola, iyali sun riga sun wuce da motar kaya, saura ni da 'yar Corolla ɗina da karen gadinmu, shekararsa 4, tun yana kwikwiyo muke tare kuma bai taɓa shiga mota ba. Wasu sun ce in jefa shi a but in rufe, wani ya ce in ba shi maganin barci, wasu ma cewa suke in bar shi ai kare ne. Ni kam wallahi ba zan iya barin shi ba. Farkon Afrilu zan tafi kuma ni kaɗai ne. Ya zan yi?

Mai karatu daga Jos

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa alheri a sabon wajen aiki. Zancen but ɗin nan ka cire shi a ranka tun yanzu. Akwatin ƙarfe ne, ba iska, rana na dukan shi, ga hayaƙin salansa na iya shiga. Na taɓa gani da idona an buɗe but an fito da kare ya sandare, har yau abin bai bar raina ba.

Abin da ya fi damuna a tafiyar nan shi ne zafi. Jos tana kan tudu ne, wajen mita 1,200 sama da teku, karenka da sanyi ya saba, kai kuma za ka gangara da shi Yola gaɓar kogin Binuwai a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kare kuma ba ya gumi irin namu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki da zaro harshe yake sanyaya jikinsa, toh idan iskar da yake shaƙa ita ma zafi ce kaga hakin ba ya yi masa komai. Zafin jikinsa na lafiya 38 ne zuwa 39, in ya kai 41 rai ake magana. Idan ka ga hakin ya ƙi tsayawa, yawu mai kauri na dalala, dadashinsa ya yi jawur ko yana tangaɗi, faka nan take a inuwa, ka kwara masa ruwa mai ɗan sanyi a ciki da wuya da ƙafafu, ka yi masa fifita, ka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan, sannan ka nemi likitan dabbobi a gari mafi kusa ko da ka ga kamar ya warware.

Hanyar ta fi kilomita 500, Toro, Bauchi, Alkaleri, Gombe, Billiri, Kaltungo, Numan sannan Yola. Ni da zan zaɓa maka, raba ta biyu. Ka tashi bayan sallar asuba ka isa Gombe kafin rana ta take, ka kwana, washegari ka sake sammako, kafin azahar ka tsallake gadar Numan. Amma fa ka nemi gidan ɗan'uwa ko aboki mai fili tun daga Jos, don masauki da yawa ba za su yarda da kare ba. Tafiyar dare kuwa kai kaɗai, a'a.

Kujerar baya ce wajensa, a cikin keji mai raga idan zai shiga, in kuma ba keji ka shimfiɗa tsohuwar tabarma ka ɗaure shi da bel ta ƙirji, kar ta wuya, saboda birki. Esi ya yi ta aiki, ka kai a duba gas tun kafin ranar.

Tunda ba ka da abokin tafiya, matsalar ita ce tsayawa. Kar ka kulle shi a mota ka ce bari in yi sallah minti goma, cikin minti goman nan motar da ke rana ta zama tanda ko da ka ɗan sauke gilashi. Fito da shi ka ɗaure a gindin bishiya inda idonka ke kansa, nesa da yara da awakin mutane. Kuma igiya ta shiga wuyansa kafin ƙofa ta buɗu, karen da ya tsorata a baƙon wuri in ya arce daji shikenan. Duk awa 2 ka tsaya ya sha ruwa ya yi fitsari. A shingen jami'an tsaro ka faɗa musu akwai kare a baya kafin wani ya leƙo, kare ne na gadi, bai san yunifom ba.

Yanzu kana da lokaci, fara koya masa mota, yau ya zauna ciki a fake, gobe ku zaga Taminus, jibi Bukuru. Daga Bukuru ɗin ma Vom ba nisa, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa na nan tun 1924, a yi masa rigakafin ciwon haukan kare idan ta bara ta ƙare, ka karɓi katin ka ajiye tare da takardun mota. A can za ka yi maganar maganin amai da na kaska. Maganin barci na kemis kar ka kuskura, yana hana shi daidaita zafin jiki, Panadol da ibuprofen kuwa illa suke wa hanta da ƙodar kare.

Abinci ka ba shi da daddare, da safe ruwa kawai don kar ya yi amai. Tsiren hanya mai albasa ban da shi, albasa na lalata jinin kare, ƙashin kaza dafaffe ma kar ka ba shi. Jarkar ruwa lita 20 da kwanonsa daban, darduma da kayan sallarka su ka sa a but.

In kun isa Yola kar ka ɗaure shi a kan siminti ko ƙarƙashin rumfar kwano da rana, samo masa inuwar darbejiya da ruwa a gabansa kullum, ka ba shi kamar sati biyu jikinsa ya saba kafin ka sa ran gadi irin na Jos. Allah ya kai ku lafiya.