Labarin Hizƙilu da busassun ƙasusuwa: ya halatta a kawo shi a wa'azi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani maƙwabcina Kirista ya karanta mini labarin Ezekiyel, wanda aka nuna wa wani kwari cike da busassun ƙasusuwa, suka tashi da rai, lokacin da Bani Isra'ila suke zaman bauta a Babila. Labarin ya ratsa ni. Ya halatta in gaskata shi, in kuma ba wa 'yan gudun hijirar da nake koyarwa? Kuma shi ne Annabi Zulkifilu?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri bisa kula da waɗannan bayin Allah.

Wanda kake magana a kansa, malaman tafsiri suna kiransa Hizƙilu. Yana cikin waɗanda Bukhtanassar, sarkin Babila, ya kwashe daga Ƙudus zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma bayan kamar shekara 10 aka rushe birnin da masallacinsa. A babi na 37 na littafin da ake jingina masa, mutanensa suna cewa ƙasusuwansu sun bushe, fatansu ya yanke, sai aka nuna masa ƙasusuwa suna haɗuwa, nama ya rufe su, aka hura musu rai, alamar cewa za a mayar da su gida.

Irin wannan shi ake ce wa Isra'iliyyat, wato labaran da aka samo daga Bani Isra'ila, kuma Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Kasir sun kasa shi uku: abin da wahayinmu ya gaskata, abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kansa. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yarda a ba da labari daga Bani Isra'ila ba laifi, ya kuma ruwaito hanin gaskata Ahlul Kitabi ko ƙaryata su. Cewa Allah yana rayar da ƙashin da ya rududduge, wannan aƙidarmu ce, ƙarshen Suratu Yasin ya wadatar. Cewa an maido da Bani Isra'ila bayan an ɗaiɗaita su, farkon Suratul Isra'i ya faɗa. Amma lafuzzan mafarkin da tsarinsa suna kashi na uku. Ka ba da shi, ka ce haka yake a littafinsu, kar ka ce Allah ne ya faɗa.

Akwai inda masu wa'azi kan zame. A tafsirin aya ta 243 ta Baƙara, kan dubban da suka gudu daga gidajensu don tsoron mutuwa, Allah ya kashe su sannan ya rayar da su, Ɗabari da Ibn Kasir sun kawo ruwayar cewa Hizƙilu ne ya roƙa aka tashe su. Wancan abu ne da ya auku a zahiri, naka kuwa gani ne aka nuna masa. Kar ka cakuɗa su.

Batun Zulkifilu kuwa, Alƙur'ani ya ambace shi sau biyu, a Anbiya'i da Sad, bai faɗi ƙissarsa ba. A garin Al-Kifl na Iraƙi akwai kabarin da ake jingina wa sunayen biyu, amma shaharar kabari ba hujja ba ce. Kar ka yanke.

Ni dai na fi so ka fara musu da abin da ba shakka a cikinsa: aya ta 259 ta Baƙara, mutumin da ya wuce ta rusasshen gari yana mamakin yadda za a raya shi, da alƙawarin Suratul Ƙasas, aya ta 85, na mayar da Annabi (SAW) makomarsa, wadda Ibn Abbas ya fassara da Makka. Bayan haka, in ka ƙara da Hizƙilu, babu laifi.

Allah ne mafi sani.