Tambaya da Amsa: Gyaran gida da kula da lambu a lokacin hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bolari da ke Gombe, kuma muna da ɗan lambu a bayan gida mai bishiyar mangwaro ɗaya da ƴan kwamin latas da albasa. Tun da sanyi ya shigo, katangar tsakar gida ta tsage, ƙofar katako ta ɗakin girki ta buɗe baki, latas kuma yana yaushi ko da na ba shi ruwa. Maigidana ya ce a bar gyara sai zafi ya kama. Shin hakan ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ina ganin girman maganar maigida, amma shawarata ita ce kada a jinkirta, domin daga Disamba zuwa Fabrairu ne aka fi samun sararin gyara: babu ruwan sama, rana ba ta da zafi, magina kuma suna iya wuni suna aiki. Idan aka kai Afrilu, zafi zai rage ƙarfin aiki, sannan guguwar farkon damina ta tarar da rufin da ba a duba ba.

Abin da ke jawo dukan matsalolinki guda ne, wato busasshiyar iskar arewa maso gabas da ke tasowa daga Sahara, wadda take zuƙe danshi daga ƙasa da katako da ganye. Saboda haka idan magini ya toshe tsagar katangar da siminti, ki tabbatar ana yayyafa wa wurin ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba filastar za ta bushe kafin ta yi ƙwari, ta sake tsagewa. Na san ruwa tsada gare shi a Gombe, musamman ga mai saye a hannun ƴan garuwa, amma jarka biyu ba su kai kuɗin sake aiki ba. Idan kuwa tsagar ta taso ne daga tushen katanga kuma tana ƙara faɗi, to sai an duba harsashin ginin, domin ƙasar garin nan tana da saurin zaizaya. Ƙofar kuwa kada a canza ta, katakon motsewa ya yi kuma zai koma idan damina ta sauka. A shafa mata fenti kawai. A sa kafinta ya hau ya ƙara ƙusa a kwanon rufi, a kuma yashe kwata.

Latas da albasa suna son sanyin nan, shi ya sa manoman rani na Dadin Kowa suke cin moriyarsa; iska ce ba sa so. Ki kafa zana ta ɓangaren da iskar ke bugowa, ki ba da ruwa da sassafe kafin ta tashi, sannan ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a gindin shukar don ƙasa ta riƙe danshi. Mangwaro kuma yanzu yake fitar da fure, saboda haka kada a sare masa reshe, kuma kada a cika masa ruwa sai ya ɗaura ƴaƴa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya fi damuna. Kada ki ƙona ganyen da aka share a kusa da zana, domin gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa. Ki haƙa rami ki zuba shi tare da kashin awaki, ki riƙa jiƙa shi, ya zama taki kafin damina. Kaskon gawayi kuma a fitar da shi waje kafin a rufe ɗaki a kwanta, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mai barci.