Ga ƙanwarmu mai tambaya kan zuwa Danmak karatun jarida na zango ɗaya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, kin ce kina aji uku a sashen aikin jarida, kin samu damar yin zango ɗaya a birnin Aarhus na Danmak amma kina tsoron kar ya zama yawon buɗe ido kawai ya kuma jawo miki ƙarin shekara, ga Baba bai gama sakin jiki da maganar ba. Ni na yi wannan zangon, na shiga ƙarshen Agusta na fito Disamba, a makarantar jarida da ake kira DMJX, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ki amsa da kyau.

Ki je. Amma kafin ki taɓa maganar biza ki fara gama da sashenku. Zango ɗaya a Turai kiredit 30 ne a tsarinsu na ECTS, to ki ɗauki jerin abin da za ki karanta can ki kai wa shugaban sashe, a rubuta wane kwas ne zai tsaya a madadin wane, a sa hannu a buga hatimi ki riƙe kwafinki. Ni da baki muka yi maganar, ina dawowa na tarar an canza wanda muka yi da shi, sai da na maimaita kwas biyu, wallahi har yau abin yana min ciwo don takarda ɗaya ce da ta raba gardama.

Karatun kansa ba irin wanda muka saba ba ne, babu zancen haddace handawut a juye a jarrabawa. Sati na biyu aka raba mu uku-uku, aka miƙo kyamara da makirfo aka ce ranar Juma'a a kawo rahoton minti biyu. A garin da ba ki san kowa ba, ba kya jin yarensu. A gida in kina neman wanda za ki yi hira da shi akwai ɗan uwan wani da ya san wani, can kuwa sai imel, a ba ki rana da lokaci, in kin makara minti goma kin rasa. Suna jin Turanci sosai, wannan ba matsala ba ce. Ranar Juma'ar a haska aikinki a gaban aji kowa ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya, me ya sa kika yanke nan, ina ɗaya ɓangaren, wa ya tabbatar miki da wannan adadin. Da farko sai ki ji kamar cin fuska ne, daga baya ke da kanki za ki riƙa neman a yi miki. Malami ma da sunansa tsurarsa ake kiransa, na fi wata ɗaya bakina bai iya ba.

Inda na fi ƙaruwa shi ne Bazar Vest, wata babbar kasuwa a wajen unguwar Gellerup inda baƙi Larabawa da Turkawa da Somaliyawa suka fi yawa, can ma za ki riƙa sayen naman halal da kayan miya. Abokan aikina biyu sun je da kyamara aka ƙi kula su, saboda mutanen sun gaji da yadda kullum ake nuna unguwarsu sai in an yi rigima. Ni sai na bar kyamarar a ɗaki, na je na yi sallama wurin wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da turare, na zauna muka sha shayi ina taya ta ninke gyale. Zuwa na biyu ma haka. A na uku ita ta ce ina na'urar taki, ɗauko. Da muka gama ta ƙunso min turare, na yi ta ba ta haƙuri na ce sai dai in biya, don a can ɗan jarida ba ya karɓar ko na goro daga wanda ya yi hira da shi, kin kuwa san yadda kuɗin mota ya zama jiki a wurinmu. Wannan gaisuwar da zaman da aka koya mana tun muna yara, jari ne a aikin nan, kar ki raina shi.

Abu ɗaya ki shirya masa zuciyarki. Jaridar Jyllands-Posten da ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a Satumbar 2005 a Aarhus take, kuma maganar ba ta rasa tasowa in ana darasin 'yancin faɗar albarkacin baki. Ranar da ta taso a ajinmu jikina har rawa yake, amma na ɗaga hannu na faɗi matsayin Annabi a zuciyar Musulmi, na kuma ba su labarin rayukan da aka rasa a Maiduguri a Fabrairun 2006 sanadin wannan abu, yawancinsu ba su taɓa ji ba. Ba kowa ya yarda da ni ba amma an saurare ni har na kai aya. A Disambar 2023 majalisarsu ta yi dokar hana ƙona Alƙur'ani da sauran littattafan addini a bainar jama'a.

Hijabi babu mai hana ki, niƙabi ne doka ta hana a waje tun 2018. Tunda za ki wuce kwana 90 izinin zama za ki nema ba bizar ziyara ba, ki fara da wuri, in kin isa ki yi rajistar lambar CPR, wato lambar shaidar mazauna ƙasar, don da ita ake ganin likita. Kuɗinsu krone ne ba yuro ba kuma rayuwa akwai tsada, girki da kanki da tsohon keke su ne rufin asiri. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin huɗu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a cikin aji za su same ki, ɗaukar hoto a waje kuma dole ki gama da wuri.

Baba kuma ki nuna masa takardar makaranta da adireshin ɗakin da za ki zauna, ki sa wani babba a sashenku ya kira shi, nawa mahaifin haka aka yi ya sauko. Sannan tun yanzu ki fara koyon haɗa bidiyo ko a waya ne, ki tafi da hard disk na ajiye duk aikin da kika yi don shi za ki nuna in kina neman aiki. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ki ɗauka, kilishi dai ki bar shi gida, ba a shiga Tarayyar Turai da nama.